Wandon aiki na bazara: yadi, awo da ɗinkin da ke jure zafin Katsina

Daga tsakiyar Maris zuwa faɗuwar ruwan farko, duk mai aikin gini a Katsina ko Daura ya san abin da ake kira bazara. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, balle a saman dakin, wato rufin siminti da ake zubawa a kan gini, inda ba bishiya ba rumfa, ga rodi ya ɗau zafi, ga bulo yana mayar da hucin rana. A irin wannan lokacin ne za ka ga birkila ko lebura ya sa almakashi ya datse tsohon jins ɗinsa, wani kuma ya zo da wandon ƙwallo. Dukansu biyun ba su yi ba. Jins ya yi kauri, yana shan gumi ya riƙe, ya yi ta gugar cinya har ta saɓe. Wandon ƙwallo kuwa roba ce zalla, ba shi da aljihun kirki, ƙusa ɗaya ta isa ta farke shi, kuma da mutum ya sunkuya jikinsa yana waje.

Gajeren wandon aiki abu ne da ake zama a tsara shi da tela. Kuma a wurinmu "gajere" ba ya nufin na Turawa da ke tsayawa a tsakiyar cinya. Al'aurar namiji tana tsakanin cibiya da gwiwa, ma'aikaci kuma a wurin aiki azahar da la'asar ke riskarsa. Don haka wandon da ake magana a nan shi ne wanda ya wuce gwiwa ya tsaya a saman ƙwauri, mai faɗin ƙafa yadda iska za ta shiga ta ƙasa ta haura. Sanyin da ake nema daga wannan faɗin yake zuwa, ba daga buɗe cinya ba. Fatar da rana ke duka kai tsaye ma zafi take ƙarawa, shi ya sa manomi ba ya tuɓe riga a gona da tsakar rana.

Inda ba a sa shi ko da zafi ya kai ina

Mai walda ba shi ba gajeren wando. Tartsatsi yana sauka a ƙwauri, yana faɗawa cikin takalmi, sannan hasken waldar kansa yana ƙona fata ko da ba abin da ya taɓa ta. Da dare ne mutum zai ji wurin yana raɗaɗi, bayan kwana biyu ya fara saɓa. Haka wanda ke riƙe injin yankan ƙarfe, da yaron da ke tsaye kusa da shi yana danne masa rodi. Waɗannan dogon wando na auduga mai kauri za su sa, wanda ya sauko ya rufe bakin takalmi, ba tare da an nannaɗe ƙafarsa ba, don a cikin naɗin ne tartsatsi ke maƙalewa ya ci.

Ranar zuban dakin ma a ajiye gajeren wandon. Jiƙaƙƙen siminti yana da kaifi irin na soda, a ma'aunin wannan kaifin da ake kira pH yana tsakanin 12 da 13, kuma mugun halinsa shi ne ba ya zafi nan take. Mutum zai wuni kwaɓi na fantsar masa a ƙwauri bai ji komai ba, sai da yamma wurin ya yi ja, ya tashi, wani lokaci ya zama gyambon da zai ɗau makonni. Ranar zubi dogon wando ake so da takalmin roba mai tsawo. In kwaɓi ya jiƙa tufa ko ya zuba cikin takalmi, a cire nan take a wanke fatar da ruwa mai tsabta na kamar minti 20; in ta tashi ko ta canza launi a je asibiti, kada a tsaya shafa mai a kai.

Sauran waɗanda ba za su sa gajeren wando ba su ne kafintan da ke durƙusawa a kan kwanon rufi da rana, mai aikin kwalta, mai fesa maganin gara ko na ciyawa, mai aikin wuta da ke buɗe akwatin da lantarki ke ciki, da masu share sabon fili a bayan gari inda ake samun kunama da kububuwa a ƙarƙashin tsohon bulo da busasshiyar ciyawa. Manyan 'yan kwangila da yawa ma ba sa barin kowa ya shigo da gajeren wando, don haka a tambayi maigidan aiki kafin a kashe kuɗin ɗinki.

Wanda zai more shi shi ne birkila mai jera bulo, leburan da ke tura baro, kafintan da ke cikin shago ko yake haɗa katakon dakin, mai fenti, mai aikin famfo, mai shimfiɗa tayil, mai jan waya a ginin da ba a sa wa wuta ba tukuna, da masu lodin yashi.

Yadi

Auduga ce kan gaba, saboda tana shan gumi tana barin iska ta ratsa. Abin takaici ne a ce jihar da ke noma auduga a Funtuwa da Malumfashi da Bakori, yawancin abin da ma'aikacinta ke samu a kasuwa gauraye ne da roba. Mai shago a babbar kasuwar Katsina, ko wanda ya saro daga Kantin Kwari a Kano, zai iya ce maka auduga ce da zuciya ɗaya, don shi ma haka aka faɗa masa. Gwada da kanka. Zaro zare biyu ko uku daga bakin yadin ka kunna musu ashana. Auduga tana ci kamar takarda, da warin takarda, ta bar toka mai laushi da za ta murje a yatsa. Roba tana ƙanƙancewa ta gudu daga wutar, ta narke ta bar ɗan baƙin dunƙule mai tauri. In ka ga toka da ɗan dunƙule tare, gauraye ne. Sai kuma ka ɗiga ruwa: auduga tana tsotse shi, in dai ba sitacin kamfani ya yi mata yawa ba, roba kuwa ruwan zama yake yi a kanta.

Gauraye ba laifi ba ne in auduga ta fi yawa, kamar kashi 60 cikin 100. Ya fi jure wanki, ya fi saurin bushewa, kuma bakanike ma ya fi dacewa da shi, don ruwan batir yana cinye auduga zalla ya bar ramuka bayan wanki ɗaya. Wanda robarsa ta kai kashi 65, irin da ake ɗinka kayan ma'aikatan kamfani da shi, yana daɗewa sosai amma yana dafa mutum a bazara. Kusa da wuta kuwa kowane gauraye haɗari ne, saboda roba narkewa take yi ta manne a fata.

Sai nauyi. Kaki mai matsakaicin kauri ake so, wanda saƙarsa ke da 'yan layuka a karkace in ka duba da kyau. In akwai sikeli kusa, yadi ɗaya mai faɗin inci 60 ya auna tsakanin giram 300 da 360. Jins na yau da kullum yana wuce rabin kilo a wannan awon, shi ya sa yake nauyi in ya sha gumi. Wanda bai kai giram 250 ba na riga ne, gefen bulo zai cinye shi cikin wata guda. In ba sikeli, ɗaga shi ka kalli rana: haske ya ɗan ratso kaɗan, amma kada ka ga siffar yatsunka sarai. Akwai wani yadi mai 'yan murabba'ai a saƙarsa, irin na kakin soja, wanda in ya huje yagewar ba ta tafiya da nisa. In ka same shi na auduga a launin da ba na jami'an tsaro ba, saya.

Launi kuwa, ruwan ƙasa mai haske ko ruwan toka. Baƙi da shuɗi mai duhu suna kwasar zafin rana. Fari yana nuna jiki in ya jiƙe da zufa.

Mutum matsakaici yadi ɗaya da rabi mai faɗin inci 60 ya ishe shi; in za a ninka gwiwa a sa aljihun gefe, a sayi biyu. In mai faɗin inci 45 ne, biyu da rabi. Kafin a kai wa tela a jiƙa shi ya kwana a ruwa, a shanya, a goge. Auduga tana shiga da kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a wankin farko, wato wando mai tsawon inci 28 zai rasa kusan inci ɗaya ko fiye. Wannan incin shi ne bambancin wandon da ya rufe gwiwa da wanda ya bar ta a waje. Teloli da yawa ba za su jiƙa maka ba, don sun saba da shadda da yadin kaftani.

Awo da yanka

A nan ne aka fi yin kuskure, saboda tela ya saba auna mutum a tsaye ƙyam kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ma'aikaci kuwa rabin wuninsa a tsugune yake, ko a sunkuye, ko ƙafa ɗaya a kan tsani. Ka ce masa, "Malam, wannan na aiki ne, auna ni a tsaye ka sake auna ni a tsugune."

Tsawo: daga inda wandon zai zauna a ƙugu zuwa inci 4 ƙasa da ƙoƙon gwiwa kana tsaye. In ka tsuguna ko ka yi sujada yadin yana hawa da kamar inci 2 zuwa 3, don haka inci 4 ɗin nan ba almubazzaranci ba ne. Dogon mutum ya sa 5. A mazaunai a ƙara inci 4 zuwa 5 a kan awon jiki, a cinya a ƙara 3 zuwa 4. Zagayen bakin ƙafa ya tsaya tsakanin inci 20 da 22. In ya gaza haka iska ba ta shiga kuma yana kama gwiwa. In ya wuce, kan rodi da ƙusar katakon dakin za su riƙa kamo shi, kuma wannan kamun a saman bene yana iya kayar da mutum.

Bayan wandon ya fi gabansa tsawo da inci ɗaya da rabi zuwa 2. Wannan shi ke hana tsatso buɗewa in an sunkuya ɗaukar bulo ko an yi ruku'u. 

Sai hantsa, wadda ita ce ran wandon. A wandon kanti ɗinki huɗu ne ke haɗuwa a wuri ɗaya a tsakanin ƙafafu, kuma duk lokacin da ka buɗe ƙafa nauyin jan yana taruwa a wannan ɗigon. Shi ya sa nan ne kullum yake fara ɓarkewa. Tsofaffin telolinmu da ke ɗinka buje sun daɗe da magance wannan ta hanyar sa wani ƙyalle daban a tsakiya. Ba sai an yi ta da girma irin ta buje ba. Ƙyalle mai kusurwa huɗu, mai tsini biyu, tsawon inci 8 da faɗin inci 4, a shigar da shi yadda tsininsa biyu za su bi ɗinkin cikin cinya dama da hagu. Yana raba jan, yana ba da sararin tsuguno, yana kuma kawar da tudun ɗinki daga inda ya fi gugar fata. Telan da ya ce bai taɓa yi ba, a nuna masa tsohon wandon gargajiya ya duba.

Ɗinkin cikin cinya da na mazaunai a yi shi kwantacce mai layi biyu irin na jins, inda ake cusa bakin yadin a ciki. In aka bar bakin a tsaye, ko da an yi masa wibin, wato ɗinkin da ke hana bakin yadi warwarewa, yana zama kamar zarto in gumi ya bushe a kansa. Zare ya zama na roba mai kauri: a nan roba ta fi, don gishirin zufa da rana suna ruɓar da zaren auduga tun yadin bai tsufa ba. Allura lamba 16 ko 18. Taku 8 zuwa 10 a kowane inci. In aka matse ɗinkin fiye da haka allura tana jera huji kusa da kusa, yadin ya yage a kan layin kamar takardar rasit. Bakin kowane aljihu, ƙasan zif, da kan kowane mariƙin bel a yi musu gaba da baya sau biyar ko shida. A bar rarar inci ɗaya a ɗinkin baya saboda buɗawa nan gaba. Kalmasar ƙafa ninki biyu, a ciki, ba a waje ba, don kada ta zama ma'ajiyar yashi.

A ƙugu, zariya ta fi sanyi kuma ba ta lalacewa, amma da an sa tef da waya a aljihu sai wandon ya fara zamewa, mutum ya yi ta ƙara ɗaurewa har ta yanke shi. Roba zagaye tana riƙe gumi, tana jawo ƙurajen zafi, kuma rana da wanki suna kashe ta cikin 'yan watanni. Abin da ya fi shi ne ƙugu na yadi mai faɗin inci ɗaya da rabi, da mariƙin bel guda bakwai, ɗaya a tsakiyar baya daidai, da 'yar roba ta inci 3 a kowane gefe. Bel na saƙa ya fi na fata a wannan aikin, don fata tana shan zufa ta tsage. Zif na ƙarfe lamba 5 ya fi ƙarfi, in ya fara cijewa a goga masa kyandir. Mai buga bulo da mai lodin yashi gara su sa maɓallai huɗu, domin ƙura tana kashe kowane irin zif.

Aljihu da gwiwa

Aljihun gaba ya yi zurfin inci 11, kuma a yi shi da yadin wandon kansa, ba da ɗan siririn ƙyallen da teloli ke sa wa kaftani ba. Na waya a gefen cinya, tsawon inci 7 da faɗin 4 da rabi, da murfi mai maɓalli; a ɗora shi yadda ƙasansa zai tsaya inci 3 sama da gwiwa, in ba haka ba wayar za ta riƙa bugun gwiwa a kowane taku. Kafinta da mai jan waya su ƙara siririn aljihu mai faɗin inci 2 da rabi a bayan cinyar dama domin fensir, tasta ko sukundireba, da madauki na yadi ninki huɗu a hagu domin guduma. Inda ake maƙala tef a bakin aljihu a ɗinka ɗan ƙyalle ko fata a kai, don maƙalin ƙarfen yana cin wurin. Bakanike ya guji maɓallin ƙarfe a gaba, yana karce fentin motar mutane.

Ƙusa ba ta shiga aljihun gaba. Tana huda shi, kuma in aka tsuguna da sauri tana iya shiga cinya. A ɗinka mata 'yar jaka daban da ragowar yadin, a rataya a bel. Duk abin da ke aljihu in ya wuce rabin kilo zai ja wandon ƙasa, ya sa a matse bel, iska kuma ta daina zagayawa.

Mai tayil da mai famfo su ninka gwiwa: ƙyalle na biyu daga inci 4 sama da gwiwa har zuwa kalmasa, a ɗinke sama da gefe biyu, a bar ƙasa a buɗe da ɗan maɓalli. Ta nan ake cusa matashi. Soson katifa ba ya yi, yana lotsewa cikin awa ɗaya kuma yana shan ruwa. Tafin tsohon silifa mai kaurin rabin inci, a yanka shi inci 5 da 7, ya fi shi nesa ba kusa ba. Buɗaɗɗen ƙasan kuma yana barin yashi ya zube. Sai dai a kula: in gwiwar ta jiƙe da kwaɓin tayil, ninki biyun yana riƙe simintin a kan fata, ƙunar ta fi ta wanda ba ya sanye da komai. A durƙusa a kan katako ko buhu, ba a kan kwaɓi ba.

Wanda kuɗin sabon yadi ya yi masa yawa ya shiga gwanjo, amma kada ya sayi gajeren wando. Na Turai da Amurka a saman gwiwa ake yanka su. Ya nemi dogon wandon kaki na auduga wanda ya ɗara ƙugunsa da inci 2, ya ɗaga hantsar ya kalli haske ko ta sille, ya ja zif sau uku, ya duba ƙasan aljihu. Lambar da ke jiki ba abin dogaro ba ce. A ɓalle maɓallin, a shimfiɗa, a auna ƙugun da tef a ninka biyu. Tela ya datse shi a inci 5 ƙasa da gwiwa saboda kalmasa, ƙafafun da aka cire su zama hantsa, ninkin gwiwa da aljihun waya.

Guda uku ake so: ɗaya a jiki, ɗaya a igiya, ɗaya a jaka. Wandon da ya kwana da zufa ya bushe yana yin tauri da gishiri, kuma shi ne ke fara goge matsematsi, daga nan ƙaiƙayi ya samu wurin zama. Wandon ciki ya zama na auduga, a canza kullum, a tsane jiki sosai bayan wanka da bayan tsarki. In ƙaiƙayin ya yi zobe yana faɗaɗa, a ga ma'aikacin lafiya. Man shafawar nan mai haɗe-haɗe da ake saya a kemis yana kwantar da shi kwana biyu ya dawo da ƙarfi. Ƙwaurin da ke waje kuma a wanke masa ƙurar siminti a tashi aiki a shafa man kaɗanya, musamman in hunturu ya shigo fata ta fara tsagewa. Wando dai ba ya maye gurbin ruwa: a tsananin rana ana so a sha kamar kofi ɗaya duk minti 20, wato ledar ruwa ɗaya da rabi a awa.

Kafin wanki a kakkaɓe shi a bushe sosai, a juye aljihu. In aka tsoma shi da garin siminti a jiki, garin yana kamawa a cikin saƙar ya mayar da yadin kamar kwali, daga nan sai karyewa a kan ninki. A wanke shi daban da kayan iyali, a ɗauraye sau biyu, a juya cikinsa waje a shanya a inuwa. Ba bilic, don yana cin auduga. Ba sitaci, don yana toshe ƙofofin da iska ke bi. Baƙin mai a shafa masa sabulu a bushe a bar shi rabin awa kafin ruwa. Kada a wanke da fetur: yana ƙona fata, kuma tururinsa yana zama a yadi, tartsatsi ɗaya ya ishe shi kamawa.

Duk Juma'a a ɗaga shi a kalli haske. Wurin da ya fara sillewa, galibi hantsa, gwiwa da bakin aljihun dama, a sa masa faci ta ciki tun bai huje ba, facin ya zarce wurin da inci ɗaya ta kowane gefe, a bi shi da layukan ɗinki a jere. Facin da aka yanko daga yadin da bai taɓa shiga ruwa ba zai shige a wankin farko ya tattare wurin, don haka ragowar yadin da aka jiƙa tun farko ita ake karɓowa daga wurin tela a ajiye.